Shin Waya Ce Ta Kashe Littafin Hausa?

Duk shekara idan 23 ga Afrilu ta zagayo, ranar da UNESCO ta ware wa littafi, ƙorafi ɗaya ake ji a rediyo da tarukan marubuta: yaran yanzu ba sa karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Wanda ya ba shekara 40 baya sai ya kama tuna zamanin da ake rububin sabon littafi a bakin Bata a Kano, ana aron juna har bango ya fita. Matasa kuma su ce su fa karatu suke yi, ƙila ma fiye da iyayensu, a waya ne dai kawai. To wa ke da gaskiya? Karatun ne ya mutu, ko kasuwar takarda ce ta durƙushe? In kuma ta durƙushe, waya ce ta kayar da ita?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Gardamar na yin tsawo ne saboda kowa da abin da yake nufi in ya ce littafi. Akwai karatu, wato mutum ya zauna ya bi labari ko bayani daga farko har ƙarshe. Akwai littafin kansa, takardar da aka buga aka ɗinke aka yi wa bango. Sannan akwai kasuwa: marubuci, maɗaba'a, dila, mai shago, mai ba da haya. Ɗaya na iya faɗuwa sauran suna tsaye. Abin da ya sami ƙagaggun labaran Hausa ke nan. Kasuwar ta ruguje, bugaggen littafi ya yi ƙaranci, karatun kuwa ƙaura ya yi. Littattafan addini da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi da bakin masallatai, da na makaranta, hanyarsu daban ce, har gobe ana buga su.

Zamanin da ake kewa

Rubutu tsoho ne a ƙasar Hausa. Malamai sun shekara ɗaruruwa suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami suna adanawa a gafaka. Amma ƙagaggen labari na boko, wanda ake bugawa a sayar, ya samo tushe ne daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939, sai kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, a 1966. Littattafan wancan lokaci hukuma ce ke tsaya musu, makaranta ce babbar kasuwarsu, masu iya karanta su kuma ba su da yawa.

Abin da yawancin masu kewa ke tunawa ya fara ne a tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da abu biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976 ya cika ajujuwa da yara maza da mata, waɗanda bayan shekara goma suka zama samari da 'yan mata masu karanta Hausa tiryan-tiryan, ko da Turancinsu bai nuna ba. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga duk littafin da ba ya cikin manhajar makaranta. Ga masu karatu jingim, babu abin karantawa. Sai marubuta suka ce tun da babu mai buga musu, za su buga da kansu. A wannan guguwa su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka yi suna, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano.

Abin da ake mantawa shi ne wannan zamanin ma na'ura ce ta haife shi. Keken rubutu, daga baya kwamfutar shagunan buga takardu, da ƙananan injinan ɗab'i na cikin lunguna, su suka ba malamar makaranta ko ɗan kasuwa damar fitar da littafi ba tare da neman yardar wani edita a Zariya ko Ibadan ba. Kuma ba da tafi aka tarbe shi ba. Malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya kira shi adabin kasuwar Kano, ba don yabo ba, aka shafe shekaru ana fafatawa a jaridu tsakaninsa da masu kare littattafan irin su Abdalla Uba Adamu. Iyaye na ƙwacewa, masu wa'azi na suka. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara irin waɗannan littattafai a makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Littafin da wata uwa ke roƙon 'yarta yau ta ajiye waya ta karanta, ƙila shi ne wanda tata uwar ta taɓa jefawa a murhu.

Shagon haya

Wanda bai ga shagon haya ba zai yi wuya ya gane abin da ake kewa. Tebur ne ko ɗan kanti a bakin layi, littattafai a jere kan igiya ko cikin akwati, kowanne an lulluɓe bangonsa da leda an manne da salatif. Mai shago na da rajista: sunan wanda ya karɓa, gidan su wane, ranar dawowa. Matar aure ba ta zuwa da kanta. Yaro take aika da kuɗi da sunan littafi a 'yar takarda, ta ce in na biyu bai dawo ba a ba shi duk wanda ya samu. Hayar kwana ɗaya ce, amma kafin a mayar ya zaga ɗaki uku a gidan. Zai dawo da tabon manja a gefe, wani kuma ya ja layi ƙarƙashin wasiƙar da saurayin labarin ya rubuta, don ya kwafa ya aika wa tasa budurwar. Babban tashin hankali shi ne a kai ƙarshe a tarar shafin ƙarshen ya yage.

A lura da abu biyu a nan. Yawancin masu karatu ba saye suke yi ba. Kwafi ɗaya mutane barkatai ke karantawa, kuɗin haya kuma aljihun mai shago yake shiga, marubuci bai ga ko sisi ba. Sannan raba labari gida uku ko huɗu, a tsaya daidai inda ran mai karatu ya rataya a ce sai mun haɗu a littafi na gaba, dabarar kasuwa ce, don da kuɗin na ɗaya ake buga na biyu. Duk wanda ya san yadda ake sayar da labari a WhatsApp yau zai gane tsarin, domin shi aka gada.

Me ya karya kasuwar takarda?

Waya ta tarar da majinyaci ne a kwance. Layin GSM bai shigo Najeriya ba sai 2001, wayar da za a karanta dogon rubutu a kanta kuma ba ta kai hannun talaka ba sai bayan 2010. Kafin nan an riga an sha bugu.

Fim ne ya fara. Tun da aka soma fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano a 1990, manyan marubuta suka fara karkata can, saboda kaset ya fi littafi kawo kuɗi, kuma ba ya buƙatar mai kallo ya iya karatu. Diloli da yawa suka bi su, shagon littafi ya koma na kaset da faifai.

Sai tsadar takarda, wadda a ganina ita ce babbar matsalar, ita ce kuma aka fi tsallakewa in ana wannan magana. Najeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Duk suka durƙushe, aka sayar da su ga 'yan kasuwa, har yau ba su wadatar da ƙasar ba. Farar takarda, tawada, kayan gyaran inji, kusan duk daga waje ake shigo da su da dala, ga kuɗin man janareta tun da wuta ba ta tsayawa. Don haka duk faɗuwar naira kai tsaye take shiga kuɗin bugu. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai karanta littafin Hausa kuwa ba attajiri ba ne: ɗaliba ce, tela ne, matar gida ce mai rage canjin cefane. In farashin littafi ya kai kuɗin abincin yini, an san wanda za a zaɓa.

Akwai kuma bashi. Marubuci ya buga da kuɗinsa ya kai kasuwa, dila ya karɓa sai an sayar, a riƙa biyansa a gutsuttsure har jarin ya narke a hanya. Ga batun tacewa: Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta nemi marubuta su yi rajista da ita a 2008, aka kai ruwa rana. Ko mutum na goyon bayan tacewa ko ba ya yi, dole ya yarda ta ƙara wa mai buga littafi mataki da jira, alhali mai sakin labari a intanet babu ƙofar da zai tsaya.

Inda waya ke da hannu dumu-dumu shi ne satar fasaha. Littafi ya fito kasuwa, kafin a ankara wata ta zauna ta kwafe shi kaf a wayarta ta watsa a zaurukan sada zumunta, tana ganin taimakon 'yan'uwa take yi. Dila ya ga kaya ba sa tafiya ya daina karɓa, marubuci ya daina bugawa.

Yadda labari ke rayuwa a waya

Marubuciyar onlayin, don yawancinsu mata ne, da babban yatsa take rubutu, sau da yawa da dare bayan yara sun kwanta. Ta fara sakin shafukan kyauta a zaurukan WhatsApp da Facebook ko a manhajar labarai ta Wattpad, kullum shafi ɗaya. In labari ya ɗauki zafi sai sanarwa ta biyo baya: daga nan littafin na kuɗi ne, ga lambar asusu, ko a turo katin waya, a aiko da shaidar biya a saka ki a zauren waɗanda suka biya. Masu karatu na Nijar suna da tasu lambar da suke biya ta ita da sefa. A saman kowane shafi akwai gargaɗi, wani lokaci har da Allah ya isa ga duk wadda ta fitar da shi waje. Kuma ana fitarwa.

Abin da babu shi a da shi ne bakin mai karatu a cikin labari. Shafi ya sauka da ƙarfe tara, kafin goma sharhi ya cika zaure: wannan na cewa a raba auren nan, waccan na rantsuwa in aka kashe yarinyar ta daina bi. Marubuciya na gani, wani lokaci ta sauya akala. Daɗinsa shi ne ta san masu karatunta, abin da marubucin 1995 sai ta wasiƙa yake samu. Illarsa kuma, labari kan yi ta jan ƙafa don a ci gaba da riƙe zaure, kuma abin da aka saki ya saku, babu damar komawa farko a gyara ginin.

Ga kuma masu karanta littafi da murya a YouTube, da shagunan da ke tura wa mutane sautin a waya. Gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna karanta littattafai a iska, wannan ci gabansa ne. Direba a hanya, tela a kan keke, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, duk sun shiga sahun masu bin labari.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin yake ba. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2014 kan karatu a waya, wanda ya tambayi dubban mutane a ƙasashe bakwai har da Najeriya da Ghana, ya gano cewa maza sun fi yawa a masu karatu ta waya, amma mata sun fi su daɗewa a kai nesa ba kusa ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta nuna irin ɗimbin marubutan da suka taso ba tare da sun taɓa taka ƙofar maɗaba'a ba.

Inda masu kewa ke da gaskiya

Ba duk ƙorafinsu ne son zuciya ba. Wani ɓangare na kewar dai ƙuruciya ce ake kewa, lokacin da babu nauyin kowa a kai, kuma wannan babu littafin da zai dawo da shi. Amma akwai abubuwan da suka tabbata.

Natsuwa na ciki. A 2018 wasu masana a Jami'ar Valencia ta Sifaniya da abokan aikinsu sun tattara bincike fiye da 50 da aka yi kan karatu a takarda da karatu a allon na'ura. Suka ga masu karatu a takarda sun ɗan fi fahimtar rubutun bayani, musamman in lokaci ya ƙure, amma a ƙagaggen labari bambancin bai fito ba. Ke nan mai bin labarin soyayya a waya ba ta yi asarar komai ba ta wannan fuska. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa da hoton littafi a waya, saƙonni na faɗowa a kan shafin, shi ne abin tausayi. Kuma yawanci ba zaɓinsa ba ne, kuɗin littafin ne babu.

Sai ƙa'idar rubutu. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa, haruffa masu ƙugiya sun ɓace duk da cewa allon rubutun waya na da su, Turanci kuma na kutsowa tsakiyar jimla ba gaira ba dalili. A yi adalci dai: littattafan kasuwar Kano ma cike suke da kurakurai, shi ya sa malaman jami'a suka yi ta sukarsu. Bambancin shi ne wanda zai zuba jarinsa a maɗaba'a yakan ba wani ya duba masa, kuma yaron da ya karanta Imam a aji yana da ma'aunin da zai gwada. Yaron da duk Hausar da ya taɓa gani a rubuce ta zaure ce, ita zai ɗauka daidai.

Batun batsa shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya, kuma akwai shi. A da marubuci na da fuska: mai inji ya san shi, dila ya san gidansu, sunansa na kan bango. Yanzu laƙabi ne da lambar waya. Sai dai masu yi wa duk marubutan onlayin kuɗin goro suna maimaita abin da aka yi wa na shekarun 1990 ne, har su marubutan da a yau ake gayyata su ba da lacca kan tarbiyya. Ƙungiyoyin marubutan onlayin da kansu suna yaƙar masu wannan rubutu, don su abin ya fi ɓata wa suna.

Abin da ke gaba ga mai karatu da marubuci

Mai karatu ya samu sauƙi, in dai yana da data da caji. Yarinyar da ke ƙauyen da ba a taɓa buɗe shagon littafi ba tana karanta shafi a daren da 'yar birni ke karanta shi. Marubuciya kuma ba ta buƙatar jari, kuɗinta na shigowa asusunta kai tsaye babu dila a tsakani, ko da yake ɓarawon zaure na cin rabonsa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sace a intanet, amma da wuya ta yi tasiri a kan fayil ɗin da ke yawo daga waya zuwa waya. Bugaggen littafi kuwa alamu sun nuna zai zama kayan ƙaddamarwa da gasa da manhajar makaranta: a buga kaɗan, a tara manyan baƙi, a raba sauran a ɗakunan karatu.

Asarar da ba a cika magana a kanta ba, wadda kuma ta fi damuna, ita ce ajiya. Takarda na da juriya. Littafin haya da ya sha manja yana nan a ƙasan akwatin wata, bayan shekara 30 za a iya ɗauko shi a karanta. Saboda haka ne Baturen masanin Hausa Graham Furniss da abokan aikinsa suka iya tattara jerin littattafan Hausa fiye da 700 da aka buga tsakanin 1987 da 2002. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ma ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a adana, ko da yake marubutan kasuwa kaɗan ne suka bi ta.

Labarin waya ba shi da wannan gata. Yana zaune ne a wayar marubuciya da zaurukan da za a iya rufewa kowane lokaci. Waya ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge, ko a rufe lamba, shi ke nan. Manhajojin ma ba tabbas gare su ba. OkadaBooks, wadda aka kafa a Najeriya a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Abin mamaki, sau da yawa masu satar nan ne ke zama ma'ajiya ba da niyya ba, don a shafukansu ake tsintar labarin da mai shi ta rasa, an cire sunanta ko an yanke rabi.

Aikin ba mai tsada ba ne. Sashen Hausa na kowace jami'a, daga Bayero zuwa Ahmadu Bello zuwa Usmanu Ɗanfodiyo, zai iya buɗe rumbun da marubuciya za ta ajiye kammalallen labarinta da sunanta da shekarar da ta rubuta shi, wanda kuma zai zame mata hujja ranar da wani ya ce nasa ne. A halin da ake ciki, ɗalibin da ke neman littafin soyayya na 1992 zai iya samunsa a ɗakin karatun jami'ar SOAS a Landan ko a hannun malaman da suka tara nasu. Wanda ke neman labarin da dubban mata suka bi a WhatsApp a 2016 kuwa, sai dai ya bi zauruka yana cigiya ko akwai wadda ba ta canja waya ba tun lokacin.